Yadda Kuɗin Littafinmu Ya Koma Keke



Waɗanda suka halarci zaman karatu na ƙungiyarmu a tsakiyar 2024 za su tuna ranar da muka miƙe, muka gyara hula, muka ce in Allah ya yarda kafin shekara ta ƙare littafinmu na gajerun labarai zai fito. Har tafi aka yi mana. Wani dattijo cikin iyayen ƙungiya ya ce shi zai fara sayen kwafi goma. To ga shi shekarar ta ƙare, wata ma ta kusa bin bayanta, littafi yana nan kwance cikin kwamfuta. Abin da ya fito a maimakonsa shi ne ɗan keken nan da kuke gani muna shigowa da shi taro a naɗe, mu jingine shi bayan ƙofa. Masu kawaici ba su tambaye mu ba. Abokai kuwa sun tambaya har sun gaji. Yau za mu faɗi yadda aka yi da lissafinsa gaba ɗaya, domin mun lura akwai mutum uku ko huɗu a cikinmu da suka fara kallon keken da idon mai shirin saye.

Gidanmu yana Rijiyar Zaki. Wurin aikinmu wani shago ne a Titin Gidan Zoo inda ake sayar da kayan sola, ake kuma gyaran inbata, kuma 'yar diflomar lantarki da muka yi a poli ce ta sama mana aikin. Hanyar kullum ɗaya ce: Kabuga, tsohuwar BUK, Gadon Ƙaya, Ƙofar Na'isa, Ɗan'agundi, sannan a karya zuwa Gidan Zoo. Kilomita 12 da 'yan kai. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, wanda ba shi da abin hawa kusan ba shi da zaɓi sai A Daidaita Sahu, kuma mu sai mun shiga biyu kafin mu isa.

Sauran labarin kowa ya sani a jikinsa. Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Ba mu ga laifin 'yan A Daidaita ba, su ma saye suke yi. Amma mun wayi gari zuwa da dawowa yana cin naira 1,200 a rana. Kwana 26 muke aiki a wata, wato 31,200 ke nan. Ba sai mun faɗi albashinmu ba, ya isa ku sani wannan kuɗi ya fi kashi ɗaya cikin uku nasa.

A wannan lokacin muna cikin wani adashi na mutum goma sha biyu, zubi naira 25,000 a wata, kuma tun ranar da muka shiga mun sa wa kwasarmu suna: kuɗin littafi. A Satumbar 2024 aka miƙo mana 300,000. Muka haɗa da 50,000 da muka tara daga aikin haɗa sola a gidajen mutane ranakun Lahadi. Mai ɗab'i ya riga ya yi mana lissafin kwafi 500, kuma kuɗin ya kusa kaiwa, abin da ya rage bai fi a roƙi arziki ba.

A makon ne wani aiki ya kai mu wajen wani mai sayar da kayan gwanjo a wata kasuwa a garin nan, muka tarar da keken a tsaye tsakanin tsofaffin firji. Baƙi ne, tayoyinsa ƙanana irin na keken yara, inci 20, a tsakiyar jikinsa akwai gwiwa mai sakata. Mutumin ya zare sakatar, ya ninke shi biyu, ya kwantar da kansa, ya sauke sirdin, sai ga keke ya koma kamar akwatin tafiya. Ya buɗe shi, ya ce mu hau mu murɗa totur. Muka murɗa, keke ya ja mu ba ƙara ba hayaƙi. Mun sauko muna murmushi, kuma duk wanda ya taɓa ciniki ya san murmushin mai saye shi ke yanka masa farashi.

A bayan wata tsohuwar rasit muka yi lissafin, kuma har yau tana nan a cikin jakarmu. A jikin batirin an rubuta bolt 36, amfiya 10. In ka ninka su za ka samu wat-awa 360, wato kashi ɗaya cikin uku na yunit ɗin wuta da ɗan ɗoriya. Ko da farashin 'yan Band A, wanda ya haura naira 200 a yunit tun Afrilun 2024, cika batirin bai kai naira 100 ba. Mai kayan ya ce caji ɗaya yana kai kilomita 40. Muka rage masa zuwa 30 saboda mun san halin bakin ɗan kasuwa, duk da haka ya ishe mu zuwa da dawowa. Kuɗin keke 350,000. Raba shi da 31,200, wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki. Muka ce wa kanmu ai littafi ba tumatir ba ne da zai ruɓe. Kafin shekara ta zagayo keke ya biya kansa, mu buga littafi, mu kuma tashi da abin hawa. Muka ƙirga kuɗi muka bayar.

Da muka shiga gida da shi, Umma ta dube shi ta dube mu.

"Wannan Auta ka sayo wa?"

Muka ce a'a, namu ne, na zuwa aiki.

"Nawa?"

Da ta ji kuɗin ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta ce, "To, Allah ya sa alheri. Littafin kuma fa?" Muka ciro rasit muka fara yi mata bayanin wat-awa. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san kuɗin da aka sa wa suna ba a canza masa suna.

Kawu kuwa da ya zo, zagaya keken ya yi sau biyu yana riƙe da haɓa. Shi ɗan zamanin Raleigh ne, lokacin da saurayi in ya hau sabon keke zuwa zance unguwa duka sai ta sani. Ya ƙwanƙwasa gwiwar da yatsa ya ce, "Ɗana, abin hawan da yake karyewa a tsakiya tun yana lafiya, ina ga ranar da ya yi ciwo?"

Gaskiya dai ita ce makonnin farko sun yi daɗi, kuma ba za mu ɓoye wannan don abin da ya biyo baya ba. Tafiyar da take cin awa ɗaya da wani abu, da tsayuwar jira da sauke wannan da ɗaukar wancan, ta koma minti 35 zuwa 40. Keken ba ya wuce kilomita 25 a awa, da ya kai nan sai injin ya saki. Da farko mun ɗauka lalacewa ce, daga baya muka gane ƙa'idar ƙasashen Turai ce: keken da injinsa bai wuce wat 250 ba, wanda ba ya taimako sai ana taka feda, kuma yake daina taimako a kilomita 25, a wurinsu keke ne, ba babur ba, ba ya buƙatar lamba ko lasisi. Shi ya sa masu ƙera shi suke ɗaure shi a nan. A titin BUK da safe kuwa kilomita 25 da ba ta tsayawa ta fi 60 mai tsayawa kowane minti biyu. Sau da yawa A Daidaitar da ta wuce mu a Kabuga mukan tarar da ita a Na'isa tana jiran fasinja.

Akwai wani daɗi kuma da sai wanda ya ɗanɗana zai gane, wato wucewa ta gaban gidan mai, layi ya miƙe har kwana, kai kuma ko waiwaye ba ka yi. Mun yi istigfari a kan wannan jin daɗin fiye da sau ɗaya.

Shirun keken ya ba mu wani abu da ba mu saya da niyya ba. A cikin A Daidaita ba ka jin komai sai inji da waƙar direba. A kan wannan kuwa kana jin gari: gardamar masu shayi, almajirai suna bitar allo a gindin ganuwa, mai rake yana yi wa wani rantsuwa. Wata safiya a Gadon Ƙaya muka ji wata tsohuwa tana ce wa jikarta, "Yi sauri, rana ba ta jiran mai takalmi ɗaya." Muka tsaya a gefe muka rubuta a waya, kuma maganar ta shiga wani labari da muka karanta muku a watan Janairu. Ba muna cewa keke yana mayar da mutum marubuci ba. Wanda ba ya saurare ko a ƙafa yake ba zai ji ba. Amma shirun nan kansa yana da haɗari, domin kamar yadda kake jin kowa, haka ba wanda yake jin ka. Mutum zai sauko titi da kunnensa kawai, bai ji inji ba, ya ɗauka ba kowa. Ƙararrawar naira 1,500 da muka ɗaura ta ceci mutane fiye da birkin.

Naɗewar, wadda Kawu ya raina, ita ce ta zama mafi amfani a cikin duk abin da ke jikinsa. Ba don ado ba. Keken da ba ya naɗewa a soro yake kwana, ko a ƙofar shago yake yini, kuma kowa ya san abin da ke samun abin hawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Namu yana shiga ɗaki, yana shiga ƙarƙashin teburin shago, a masallaci yana zama kusa da takalma inda ido ke kai wa. Kuma abin da ke cin caji dole ya je inda soket yake. Sai dai kada hoton talla ya ruɗe ku, inda za ku ga wata baturiya ta ɗauke shi da hannu ɗaya tana dariya. Nauyinsa ya haura kilo 20. Ranar da taronmu ya koma hawa na biyu, mun iso sama muna haki kamar wanda ya ɗauko buhun siminti rabi.

Ƙananan tayoyin nan kuma an yi su ne don titin da ba rami. Ramin da babban keke zai haye, wannan faɗawa yake yi. In ka bar kwalta ka shiga lungunan unguwarmu masu yashi, tayar gaba sai ta nutse, ta baya kuma inji yana ci gaba da tura ta. Haka muka sha ƙasa a gaban wasu 'yan mata masu tallar awara, gwiwar wando ta yage, kuma har yau in mun wuce sai ɗaya ta ce, "Sannu mai keken caji." Washegari muka sayi hular kwano. Faci ma wani aiki ne. Injin yana cikin cibiyar tayar baya, da waya da ta fito daga cikinsa, don haka mai faci na farko da muka kai wa ya ɗaga hannu ya ce shi ba ya taɓa abin da ke da wuta. Mu muka koyi cire wayar da kwance tayar da kanmu, mu miƙa masa tiyub kawai. Sa'a ɗaya, tiyub ɗin girman na keken yara ne, ko'ina ana samu.

Wani jami'in hanya ya taɓa tsayar da mu ya ce ina lamba. Muka nuna masa feda. Ya ce to me ya sa yake tafiya ƙafarmu ba ta motsi. Muka yi masa bayani, ya saurara, daga ƙarshe ya tambayi kuɗinsa da inda ake sayarwa.

Gargaɗi na farko ya zo ne wata guda bayan saye. A ƙarshen Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka zauna cikin duhu fiye da mako guda. A gida ba wuta ko ta ƙyaftawar ido. Da ma a shago muke caji da solar maigida, ba ya cewa komai. Amma a wannan makon shagon ya koma wurin cajin waya, mutane sun yi layi da wayoyi da fitilu suna biya, kuma cajar kekenmu, mai bolt 42 da amfiya 2, tana jan abin da wayoyi bakwai ko takwas za su ja, na tsawon awa biyar. Maigida ya kira mu gefe ya ce, "Ka ga dai yadda ake ciki. Ko dai ka biya kamar kowa, ko ka bari sai la'asar in layi ya ragu." Gaskiyarsa ce. Da la'asar rana ta yi sanyi, cajin bai cika ba, kwana uku muna taka feda daga Kabuga zuwa gida. A nan muka fara gane cewa layin gidan mai muka baro muka shiga layin wuta, kuma abin da ya cece mu shi ne muna aiki a inda ake sayar da rana. Wanda ba shi da irin wannan dama ya yi tunani sau biyu.

Wuta ta dawo, muka manta. Sanyi ya shigo ya wuce. Wajen Fabrairu muka lura fitilun da ke nuna caji, guda huɗu, suna mutuwa da wuri. Da a kan biyu muke isa gida, yanzu a kan ɗaya. Muka ce hazo ne, iska ce take tare mu. Mutum in ba ya son ganin abu, dalilai ba sa yi masa wuya.

A cikin azumin 2025, wajen goman ƙarshe, lokacin da zafin Maris ya fara nuna kansa, mun taso daga shago da caji cike. Muna wuce Gadon Ƙaya keke ya yi shiru na gaske. Kilomita biyar kacal. Saura kamar minti ashirin a sha ruwa. Muka gwada feda, amma tuƙa kilo 20 da ƙananan tayoyi da bakin azumi ba abin wasa ba ne, kafin tsohuwar BUK idonmu ya fara ganin duhu. Muka ninke shi muka tsayar da A Daidaita. Direban ya dubi keken ya ce kuɗin mutum biyu, domin ya cinye wurin zama. Muka biya. An kira salla muna Kabuga, wani fasinja ya miƙo mana dabino ɗaya, ya kalli abin da ke kan cinyarmu ya ce, "Malam, wannan kai kake hawansa ko shi yake hawanka?"

Bayan salla muka kwance batirin a kan teburin shago. Ga yadda cikinsa yake, don masu shirin saye su sani. Ba batir ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne 40 na lithiyum, kowace ta ɗan fi batirin tocila, irin waɗanda ake kira 18650 saboda kaurinsu milimita 18, tsawonsu 65. Ana haɗa su huɗu-huɗu, rukuni goma, a jera rukunan bi da bi har su ba da bolt 36, ko 42 in sun cika. Akwai ɗan faifai da ke gadinsu, da zarar rukuni ɗaya ya yi ƙasa da ƙima sai ya yanke wutar gaba ɗaya don kada ya lalace. Ma'ana, batirin duka ƙarfin rukuninsa mafi rauni gare shi, ko da sauran tara lafiyarsu lau.

Da muka yaye ledar, sai muka ga ƙwayoyin kala-kala, kore, shuɗi, ruwan hoda, kamar alewar yara. Batirin kamfani launi ɗaya yake zuwa. A kan kowace akwai tabon tsohuwar walda. An tsinto su ne daga matattun batiran laftof, aka haɗa, aka sa a cikin kwanso mai kyau da takarda mai cewa amfiya 10. Muka gwada su ɗaya bayan ɗaya tsawon kwanaki. Ƙwayar da ya kamata ta riƙe 2,500 a ma'auni, wasu 1,800, wasu 1,100, uku kuwa sun mutu murus.

Abin da ya fi yi mana ciwo ba cutar ba ce. Ana cutar kowa. Ciwon shi ne mu ne masu difloma a lantarki, mu ne muke gaya wa mutane kullum a shago kada su yarda da abin da aka rubuta a jikin batirin sola sai an gwada. Da namu ya zo, da mita a cikin jakarmu, ba mu ciro ta ba. Da mun ce a bar mu mu hau shi har ya mutu mu ga kilomita nawa zai yi, ko mu auna yadda bolt yake faɗuwa in an murɗa totur a kan tudu, da awa biyu sun ishe mu gane komai. Mun tsaya muna kallon yadda yake naɗewa. Da muka koma wajen mai kayan, ya ce shi ma haka ya saye shi, kayan gwanjo sa'a ne. Wataƙila gaskiya ya faɗa.

Kuma ba duka laifin a kansa yake ba. Lithiyum ba ya son zafi, mu kuwa muna isowa shago da batir da ɗumi mu cusa masa caja nan take. Ba ya son a tsotse shi ƙarƙaf, mu kullum sai ya kusa mutuwa. Mun sha barin sa a rana a ƙofar gidan biki. Ko sabon batir na ƙwarai, bayan an cika shi an sauke sau ɗari uku zuwa ɗari biyar, ƙarfinsa yana fara raguwa a fili, wato ga mai hawa kullum shekara biyu ce ko ƙasa da haka, balle a garin da Afrilu ke haura digiri 40. Sannan ga maganar gobara. Irin waɗannan batiran na haɗe-haɗe su ne suka fi kamawa da wuta, kuma wutar lithiyum in ta tashi ba ta jin bokitin ruwa. A Landan abin ya kai ga hukumar sufurin birnin ta hana shiga jiragen ƙasanta da keken lantarki daga ƙarshen Maris 2025, sai mai naɗewa kawai aka bari. Mu kuwa wata shida muna kwana da wannan tarkacen a kusa da kanmu, wani lokaci a jone har asuba, a ɗaki mai ƙofa ɗaya, Auta yana kwance a gefe. Da muka tuna wannan sai da jikinmu ya yi sanyi. Tun daga ranar ba mu sake yin caji da dare ba, kuma ba mu sake yi a inda ba ido.

(Abin dariya, ko abin kuka, ana haƙo lithiyum ɗin nan a ƙasar nan, a Nasarawa da wasu jihohi. Yana fita a matsayin dutse, ya dawo mana a matsayin gwanjo.)

Sababbin ƙwayoyi 40 da sabon faifan gadi da kuɗin aron na'urar walda, domin ba a haɗa su da ƙarfen soda, zafinsa yana lalata su, duka sun tashi 150,000. Ba mu da ko kashi ɗaya cikin goma. Muka je wajen Yaya.

Ya saurare mu har muka gama. Sannan ya ce, "To ba matsala. Amma tsaya. Ka ce keken nan yana rage maka dubu talatin da ɗaya a wata. Wata shida ke nan kana hawa. Ina dubu ɗari da tamanin da wani abu?"

Muka buɗe baki, ba abin da ya fito.

'Yan uwa, wannan tambayar ta fi mutuwar batir zafi. Ba mu ci amanar kowa ba, ba mu yi facaka ba. Kuɗin sun tafi ne a inda kuɗi ke tafiya: an ƙara kuɗin shinkafa, maganin hawan jinin Umma, data, gudummawar bikin abokai biyu, ankon ɗaya, takalmin makarantar Auta. Kowace safiya naira 1,200 ba ta fita daga aljihunmu ba, gaskiya ne, amma ba ta shiga ko'ina ba. Ta zauna a aljihu tana jiran buƙata ta farko da za ta yi sallama. A takardar rasit mun rubuta cewa keke zai dawo mana da kuɗin littafi, ba mu rubuta hannun da zai karɓa ya ajiye ba. Da batirin bai mutu ba, da wata goma sha ɗayan nan sun cika mun duba ba ko sisi, muna ta mamaki.

Yaya ya ba mu 100,000 bashi, maigida ya ba mu 50,000 a kan zai riƙa cirewa a albashi. Dare huɗu muka yi bayan an tashi daga aiki muna haɗa batirin, muna auna kowane rukuni kafin mu manna na gaba. Shi ne aikin da muka fi yi da natsuwa tun da muka bar makaranta. Yanzu keken yana yin kilomita 32 da totur kaɗai, in muna taimaka masa da feda ya kusa 45. Lissafin kuma ya tashi daga 350,000 zuwa 500,000, daga wata goma sha ɗaya zuwa goma sha shida, kuma wata shida na farko ba sa cikin ƙirga.

Masu zagaya keken da ido suna tambaya ko mun yi da-na-sani. A kan keken, a'a. Ga mai tafiyar da ba ta wuce kilomita 15 ba, kan kwalta, wanda yake da tabbacin inda zai yi caji da rana, ba mu san abin hawan da ya kai shi sauƙin riƙo ba a wannan zamani. Amma ku sani batir kuke saye, ƙarfen da tayoyin kyauta ce aka ɗora muku, kuma batirin nan zai mutu ko da na ƙwarai ne, don haka kuɗin na biyu yana cikin kuɗin keke tun ranar farko. In mai sayarwa ya ƙi a hau shi har cajin ya ƙare, ku yi masa sallama. A kan kuɗin littafi kuwa, wannan wata magana ce, kuma har yanzu in muka haɗa ido da dattijon nan mai kwafi goma mukan sunkuyar da kai.

Umma ce ta kawo maganin da ba ya cikin darasin poli. Ta wanke wani babban gwangwanin madara, ta huda murfinsa, ta ajiye a ƙarƙashin gadonta. Kowace safiya in mun fito da keke daga ɗaki, kafin mu buɗe shi, tana zaune a bakin ƙofa da hannu a miƙe.

"Kuɗin mota."

Ranar da muka ce ba canji, sai ta ce to a bar keken a gida a je a hau A Daidaita, a ga ko shi zai karɓi uzuri. Ba mu taɓa cin wannan gardamar ba. Daga gwangwanin aka biya Yaya kuɗinsa, aka gama a Satumba. Abin da ke ciki yanzu, a ƙirgarta ta makon jiya, 61,200 ne.

Ranar Asabar mun biya ta wajen mai ɗab'i, muka ninke keke muka shiga da shi. Ya ce takarda ta tashi, lissafin bara ya mutu, kwafi 500 yanzu sai an ƙara kusan rabin kuɗin a kai. Muka ce ya yi mana lissafin kwafi 200. Ya rubuta a 'yar takarda, muka sa ta a jaka kusa da waccan rasit ɗin.